Tsohuwar Saba a Kafanchan: Kafin a Sauya Mata Ƙwaƙwalwa

Ƙarar ce ta fara tarbata tun daga baranda. Wanda bai sani ba zai ɗauka injin niƙa aka tayar a ɗakin ajiyar takardu, alhali fankokin wata tsohuwar kwamfuta ne ke kuka kamar za su tashi da ita sama. Ofishin wata ƙungiyar adashi da bayar da rance ne a cikin garin Kafanchan, watan Janairu, hunturu ya kankama har rana ta dusashe. Kwamfutar doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama, an ɗora ta kan tebur domin babu akwatin ƙarfen da aka ƙera irinta su zauna a ciki. A cikinta lissafin kowane mamba yake: wanda ya zuba, wanda ya ranta, wanda ya yi jinkirin biya.

Mako uku ke nan tana jan ƙafa. Akawu zai shigar da kuɗin mutum ɗaya, ya danna, ya miƙe ya sha ruwa ya dawo, allon bai gama juyawa ba. Shugaban ofishin, wanda kowa ke kira Oga, ya riga ya yanke hukunci: ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa. Ya tura kuɗi Legas, an aiko masa da furosesa biyu a naɗe cikin jarida ta hannun direban motar dare. Ga su nan a kan tebur, ana jiran mai gyara ya zo ya dasa.

Mai gyaran saurayi ne da ya koyi aikin a garin. Bai ko warware ƙunshin ba. Ya roƙi Oga ya ba shi awa ɗaya ya fara duba majinyaciyar tukuna. Da ya ɗaga murfi, sai ga ƙura ta yi bargo a jikin ƙarafan da ke sanyaya furosesa, ja-ja-ja irin ta ƙasar yankin. Can gefe kuma wani ɗan batir, bai kai akwatin ashana biyu ba, ya kumbura kamar ƙosai. Ya fitar da injin waje ya busa, ya sa aka nemo batir, bayan ya yi caji aikin akawu ya koma yadda yake a da. Furosesan Legas suka shiga durowa, suka yi watanni a can.

Tun daga ranar nake bin wannan sana'a da ido, kuma abin da na fahimta shi ne, a kudancin Kaduna furosesa ce ake fara zargi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen yin laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wace ce saba, wa ke riƙe da ita

Saba, wadda wasu masu fassara ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da sauran kwamfutocin gida ɗaya ke komawa gare ta neman bayani. Ba a kashe ta da an tashi aiki. Saboda haka aka ƙera ta da abubuwa bibbiyu: akwatin wuta biyu, faifan ajiya da yawa, mazaunin furosesa biyu, domin in ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe.

Masu buƙatarta a wannan yanki sun fi yadda ake zato. Akwai manyan makarantu, irin su Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, akwai asibitocin gwamnati da na mishan, bankunan ƙananan rance, ƙungiyoyin manoman citta a Kachia da Kwoi, da makarantun kuɗi masu son ajiye sakamakon ɗalibai wuri guda. Tun da hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa suka yawaita, yaran gari kuma suka san amfanin ɗakin da aka haɗa ɗaruruwan kwamfutoci da waya.

Ƙaramin ofishi ba ya iya sayen sabuwar saba. Abin da ke zuwa hannunsa na gwanjo ne, wanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama mora suka sallama. Yana sauka a Legas, ya bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wani ya tsaya a Banex da ke Abuja, wani ya wuce titin Beirut a Kano. Sunayen da aka fi ji su ne HP ProLiant DL380 da Dell PowerEdge. PowerEdge 2950 da DL380 G5 'yan 2006 ne. R710 da DL380 G6 sun fito a 2009, G7 a 2010, sai Gen8 a 2012. Wato injin da ke riƙe da asusun ɗaruruwan mutane zai iya zama sa'an yaron da ke shirin rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ba abin kunya ba ne. An yi su da ƙwari, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai an ƙera su ne domin ɗaki mai sanyi, marar ƙura, mai wutar da ba ta ƙiftawa. Takardun da ke zuwa da yawancinsu sun ce su yi aiki a tsakanin digiri 10 zuwa 35 na ma'aunin zafi. Wanda ya taɓa zama a ɗakin kwano marar silin a watan Maris ya san inda maganar ta dosa.

Darasin Bayan Loko

Kafanchan ba baƙuwar tsofaffin injina ba ce. Jirgin ƙasa ne ya raya garin. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya mayar da nan mahaɗa, hanya ɗaya ta yi Kaduna, ɗaya ta haura Jos. Ma'aikatan reluwe daga kowane lungu na Nijeriya suka sauka, aka sami makanikai, maƙera da masu juya ƙarfe, mutanen da rayuwarsu ta dogara ga sa tsohon kan jirgi ya ci gaba da tafiya. Unguwar Bayan Loko ma daga nan ta samo sunanta, domin tana bayan shedar da ake kwantar da kawunan jirage ne.

A wannan unguwa ce Gidauniyar Fantsuam take. An kafa ta a 1996, ta fara da bai wa matan karkara ƙananan rance, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta. Dakta John Dada na cikin jagororinta da aka fi sani. A 2001 cibiyar koyon da ta buɗe a Bayan Loko, ƙarƙashin Kazanka Comfort, ta ci lambar yabo ta Hafkin, wadda ƙungiyar APC ta duniya ta ware wa aikin sadarwa a Afirka. Gidauniyar ta buɗe makarantar koyon haɗa kwamfutoci ta tsarin Cisco, sannan ta kafa ZittNet, hanyar raba intanet ba tare da waya ba ga makarantu da ofisoshin da ke kewaye, a lokacin da kafar samun intanet a irin wannan wuri ita ce babban farantin tauraron ɗan'adam.

Abin da ya dace da maganarmu shi ne yadda suka fahimci ciwon injinansu. Sun yi aiki da kwamfutocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, suka ga abin da ke kashe su: zafi, ƙura da wuta marar tabbas. Wannan ya kai su ga haɗa kai da wani kamfanin Ingila a kan wata kwamfuta da aka sa wa suna Solo, wadda aka tsara ta ci wuta kaɗan ƙwarai, ta yi aiki da hasken rana, kuma ba ta da sassa masu juyawa da ƙura za ta shaƙe. Da suka zo gina ɗakin da zai riƙe injinan ZittNet, da tubalin jar ƙasa da aka matse suka gina shi, saboda ya fi bulon siminti riƙe sanyi, suka kuma haɗa masa batura da farantan sola. Ba su fara da neman furosesa mai gudu ba. Sun fara da bango da wuta. Shekaru kusan ashirin bayan haka, har yanzu akwai ofisoshin da ba su kai ga wannan fahimta ba.

Sauraron majinyaci

Mai gyaran kirki yana fara tambayar injin ne da kansa, domin saba tana da baki. HP ta sa wa nata wata 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki mai suna iLO, Dell kuma iDRAC. Ko babban injin yana kashe, muddin wayar wuta na jiki, wannan ɗan sa-ido yana farke, yana rubuta duk abin da ya faru a rajista: yaushe fanka ta tsaya, yaushe zafi ya wuce kima, wane ram ne, wato katin da ke riƙe bayanan da ake aiki da su a lokacin, ya fara kuskure. A goshin R710 akwai ɗan allo mai hasken shuɗi da ke komawa ruwan lemo idan da matsala, ya rubuto lambar ciwon. Mutane da yawa na ganin wannan haske na tsawon watanni su ɗauka ado ne.

Bayan rajistar, sai wuta. Har yau kowa NEPA yake cewa, ko da yake sunan ya koma PHCN tun 2005, kuma tun 2013 kamfanoni masu zaman kansu ke rarraba wutar. Akwatin wutar saba na iya jure hawa da saukar lantarki daga 100 zuwa 240, amma abin da ba ya so shi ne ɗauke-kawo, da ɗan tsakanin da ake samu kafin a tayar da janareta. Duk kashewar bazata na iya katse rubutu a tsakiya. Akwai kuma inbata masu araha waɗanda wutarsu ba ta fita sumul kamar ta layi. Fitila da fanka ba su damu ba, amma akwatin wutar saba kan yi ta ƙugi ko ya ƙi tashi sam. Sannan ga damina. Yankin Kagoro da Kafanchan na samun ruwa mai yawa da tsawa mai ƙarfi, kuma ginin da ba a binne masa wayar ƙasa yadda ya kamata ba, tsawa ɗaya ta isa ta biyo wayar sadarwa ta ƙone madabod, wato babban allon da sauran sassa ke kafe a kansa. Na ga ofishin da ya kashe kuɗi kan sabon ram alhali wayar ƙasarsa a rataye take, ba ta taɓa komai ba.

Sai ƙura da zafi, waɗanda tagwaye ne. Saba tana shaƙar iska ta gaba ta fitar ta baya. Idan ƙura ta toshe tsakanin siraran ƙarafan sanyaya, fankoki za su ƙara gudu, shi ne kukan da na ji daga baranda. In hakan bai isa ba, furosesa da kanta za ta rage gudunta don kada ta ƙone. Mai ofis zai ga nawa, ya ce ta tsufa, alhali numfashi take nema. Wasu kuma don tausayi sukan cire murfin su kunna mata fankar tsaye, suna ganin taimako ne. Ɓarna ce. An tsara murfin da robobin ciki ne su tilasta wa iska bi ta kan ram da furosesa. In aka buɗe, iskar ta watse. Wajen busawa ma da ƙa'ida: a fitar da injin waje, a riƙe fanka da yatsa kada bulowa ta juya ta fiye da ƙarfinta.

Batirin nan da ya kumbura ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ɓarawon da ba a cika kamawa ba. Faifan ajiyar saba ba kai tsaye suke magana da madabod ba. Akwai wani kati a tsakani, mai kula da tsarin da ake kira RAID, wanda ke raba bayani a kan faifai da yawa. Katin yana da ɗan wurin ajiya na wucin gadi mai sauri. Idan akawu ya shigar da lissafi, katin zai karɓa ya ce an gama, sannan ya rubuta a faifai a hankali. Batirin shi ne jinginar wannan alkawari: in wuta ta ɗauke, zai riƙe abin da ba a kai ga rubutawa ba. Da zarar katin ya ga batirin ya mutu, sai ya daina karɓar amana, ya koma jiran faifai ya gama kowane rubutu kafin ya amsa. Manhajar lissafi, wadda aikinta ƙananan rubuce-rubuce ne marasa iyaka, nan take za ta koma tafiyar hawainiya. Zafi kuwa yana gajarta ran irin wannan batir. Ko furosesa goma aka dasa, ba za ta canja zani ba.

Akwai wani batirin kuma, ɗan faifai kamar kwabo, mai lamba CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin injin. In ya ƙare, duk lokacin da aka zare wuta kwanan wata zai koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, manhaja ta ce lasisinta bai fara aiki ba. Kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba.

Faifan da ke shirin mutuwa shi ma yana jawo nawa, domin yana ta maimaita karatu a wurin da ya lalace. Fitilarsa kan canja launi. A nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Tsarin RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya ne kacal, kuma da yake injin na ci gaba da aiki, ba wanda ke lura har sai na biyu ya bi sahu. Ram kuwa ana gwada shi da manhaja irin Memtest86, a bar ta ta kwana tana bincike. In duk waɗannan sun fita lafiya, aka kuma duba aka ga furosesa na cike da aiki a yawancin yini, to a lokacin ne maganar sauya ta ta zama magana.

Ranar dashe

Ofishin da na ba da labarinsa ya kai wannan matsayi da damina, bayan sun ƙara ma'aikata sun kuma ɗora wa injin wata manhajar. Aka fito da ƙunshin Legas daga durowa.

Tambayar farko ita ce ta mazauni. Injinan 2006 suna da soket mai lamba 771, na 2009 da 2010 suna da 1366, na 2012 kuma 2011. Lambar adadin allurai ce, kuma furosesar wannan ba ta shiga gidan wancan ko da za a yi rantsuwa. Mai sayarwa zai ce duk Xeon ne. Gaskiya ne, kamar yadda Bajaj da tirela duk abin hawa ne.

Zuriyar 1366 ita ce ta fi daɗin haɓakawa. Da yawa sun zo da Xeon E5504 ko E5520, masu ƙwayoyin aiki huɗu. Ana iya maye gurbinsu da 'yan gidan 5600 da suka fara fitowa a 2010, masu ƙwaya shida: X5650, X5670, X5675. Bambancin ba a yawan ƙwaya kaɗai yake ba. E5504 tana tafiyar da ram a gudun 800 ne, X5650 kuwa tana kai shi 1333. Amma akwai tarko. Madabod ɗin da aka ƙera a 2009 bai san furosesar 2010 ba sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin tun kafin komai ya buɗe. Kuma dole a yi sabuntawar da tsohuwar furosesa a ciki. Wanda ya yi gaggawar cirewa ya dasa sabuwa zai danna maɓalli, fankoki su yi ihu, allo ya tsaya baƙi ƙirin, ya fara zagin ɗan kasuwar Legas a banza. Sabunta BIOS kuma ba aikin da ake yi a kan wutar layi tsirara ba ne. In ta ɗauke a tsakiya, madabod na iya zama katako. Saurayin nan sai da ya tabbatar janareta na aiki, batirin ajiya kuma a cike, sannan ya fara.

Tambaya ta biyu ita ce ta cin wuta. Kowa na kwaɗayin X5690 domin ita ce sarauniyar gidan, amma wat 130 take nema, kuma R710 na zubin farko ba ya karɓar masu wannan nauyi. X5650 da X5675 wat 95 ne. L5640 kuwa, mai ƙwaya shida ita ma, wat 60 kacal. A ganina, ga ofishin da ke rayuwa kan janareta da inbata a ɗaki marar na'urar sanyaya, mai harafin L ɗin nan ta fi dacewa da mu, ko da lambarta ba ta burge Oga ba.

Idan injin da furosesa ɗaya ya zo ana son ƙara ta biyu, ba furosesar kaɗai ake saye ba. Tana buƙatar nata ƙarfen sanyaya. Tana buƙatar ƙarin fanka: DL380 G7 na aiki da fanka huɗu in furosesa ɗaya ce, shida in biyu ne. Tsohon G5 ma har da wani ɗan katin daidaita wuta na kowace furosesa. Ya kamata kuma biyun su zama iri ɗaya. Ramukan ram ma a rabe suke: a cikin 18 da R710 ke da su, 9 na furosesa ta farko ne, 9 na ta biyu. Wanda ya cusa ram a ɓangaren da babu furosesa, injin ba zai ma san da shi ba. Kuma ram ɗin saba daban yake da na kwamfutar tebur, ba a gauraya nau'i biyu.

Kafin a taɓa sukurudireba, a kwafe bayanan duka zuwa wani faifai na waje, a kuma buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a zare wayoyin wuta biyun, ba ɗaya ba.

Dashen kansa aikin minti goma ne, amma na mai sanyin hannu. A irin wannan soket, allurai a jikin madabod suke, siraran gaske, sun fi gashin gira laushi. Ana ajiye furosesa ne a hankali bisa alamar kusurwa, ba a dannawa, ba a ja. Da hunturu akwai ƙarin haɗari: busasshiyar iska na tara wa mutum wata wuta a jiki, irin wadda ke sa ka ji cas in ka taɓa ƙofar mota. Abin da ya ba ka tsoro kawai, ya isa ya kashe ram. Mai hankali yana ɗaura wayar hannu da ke sauke wannan wuta, ko aƙalla ya riƙa taɓa ƙarfen jikin injin, ya kuma guji rigar leda. Tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda shekaru suka mayar kamar busasshiyar laka, a goge shi tas da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Na ji ana cewa man goge baki na yi. Ba ya yi. Zai bushe cikin kwanaki.

Duk da wannan taka-tsantsan, da aka kunna injin ofishin nan sai ya ƙirga ram ɗinsa da giɓi. An sa shida, yana ganin huɗu. Oga ya fara gumi. Saurayin bai ce komai ba, ya koma ga hanyar da duk mai gyara na ƙwarai ya sani: a rage injin zuwa mafi ƙarancin abin da zai iya tashi da shi, furosesa ɗaya a mazauni na farko, ram ɗaya a rami na farko, sannan a riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya ana kunnawa. Ya sauya wa ram ɗin wurare, giɓin bai bi ram ba, ya tsaya a ramuka guda. Wannan ya nuna laifin ba na ram ba ne. A wannan zuriya, mai kula da ram a cikin furosesa yake, hanyoyi uku ne ke fita daga kowacce, kuma allura ɗaya in ba ta taɓa daidai ba, hanya guda ta mutu. Ya ciro furosesa ta biyu, ya haska soket da fitilar waya, sai ga wani ɗan zare da ya faɗa kan allurai. Ya ɗauke shi, ya mayar, ya ɗaure ƙarfen sanyaya daidai wa daida. Ram shida suka bayyana.

Wani gargaɗi da ya kamata a rubuta a bangon kowane ɗakin saba: in za a zare faifai, a rubuta wa kowanne lambar raminsa. In kuma bayan kunnawa katin RAID ya yi tambayar ko a karɓi tsohon tsari ko a share, kada wanda bai gane tambayar ba ya danna komai. Amsa ɗaya na dawo da lissafin shekara goma, ɗayar na iya rufe hanyar zuwa gare shi.

Lissafin da ba a cika yi ba

Furosesar gwanjo ta yi araha a yau, shi ya sa haɓakawar ke da daɗin ji. Kuɗin gaske a wuta yake. Mu ɗauka injin na cin wat 200 dare da rana. A yini ya sha yunit 4.8, a wata 144. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa 'yan layin Band A a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 32,400 a wata, injin ɗaya tak, ban da abin sanyaya ɗaki. Wanda ba ya kan wannan layi yana biyan ƙasa da haka, amma yana cike giɓin da fetur ko dizal, kuma kowa ya san inda farashin mai ya nufa tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Ƙaramar kwamfutar zamani mai girman littafi, da faifan SSD a ciki, za ta iya ɗaukar aikin ƙaramin ofishi da ɗan kason wannan wuta, ta kuma zauna lafiya a kan sola.

Ga kuma manhaja. Microsoft ta daina kula da Windows Server 2008 R2 a Janairun 2020, ta daina da 2012 R2 a Oktoban 2023. Injin da ke kan waɗannan, in yana haɗe da intanet, ƙofarsa a buɗe take ga ɓarayin bayanai, kuma sabuwar furosesa ba ta rufe ƙofa. Linux, irin su Debian da Ubuntu, na ba tsofaffin injina sauran rai, ko da yake shi ma wasu rassansa sun fara juya wa tsofaffin furosesa baya: Red Hat na 9 ba ya hawa kan zuriyar 771.

Hukuncina dai shi ne, injin 771 ya gama aikinsa, a bar shi ya zama abin koyarwa. Na 1366 ya cancanci haɓakawa in madabod da faifansa lafiya, in kuma ofishin na da wutar ciyar da shi. Na 2012 zuwa sama har yanzu da sauransa. Wanda ya mutu kuma kada a jefar a bola ko a ƙona don cire jan ƙarfe; ƙasar da aka jibge wa guba a garin Koko a 1988 bai kamata ta riƙa shaƙar hayaƙin madabod da hannunta ba.

Abin da ya fi ƙaranci a yankin ba kayan gyara ba ne, domin motar dare na kawo su cikin kwana biyu. Hannun da ya san aikin ne ya yi kaɗan, kuma da yaro ya ƙware sai Abuja ko Kaduna ta ɗauke shi. Makarantunmu na Gidan Waya, Kafanchan da Kachia su nemi matattun sabobin da ke jibge a ofisoshi, su ajiye a gaban ɗalibai su kwance su ɗaura har hannunsu ya saba. Shugabannin ofisoshi kuma, kafin ku tura kuɗi Legas, ku sa a karanta muku rajistar injin, a busa masa ƙura, a duba baturansa biyu, a gwada wayar ƙasa, sannan ku tambayi akawu yaushe rabon da a kwafe bayanan mutane zuwa wani wuri.